Ciwon da Ba Shi da Suna a Hausa: Alamomin Farko na MS da Jinyar Komawa Hidima a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

A bazarar shekarar da ta haifi ɗanta na uku, wata ’yar’uwata da ke aure a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi ta wayi gari idonta na hagu yana gani dishi-dishi. In ta juya idon sai ta ji zafi daga can ciki, jan zanen da ke rataye a ɗakinta kuma ya koma mata kamar wanda ya koɗe. Aka ce hayaƙin murhu ne, aka sayo mata maganin ɗigawa a kyamis. Bayan mako uku ido ya washe, kowa ya manta. Da shekara ta zagayo sai ƙafarta ta dama ta sage, takalmi yakan fice mata ba ta sani ba. Surukarta ta ce sanyi ne ya shige ta tun jego, aka shiga gasa ƙafar da ruwan zafi. Duk ranar da aka gasa sai ta kasa miƙewa, in jiki ya huce sai ta ɗan samu. Da aka ga ciwon yana zuwa yana tafiya, sai zance ya koma kan iska da sammu. Sai da aka yi shekara huɗu ana wannan faɗi-tashi kafin a kai ta wani asibitin koyarwa, inda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cutar da likitoci ke kira maltiful sikilerosis, ko MS a taƙaice. Da aka dawo gida, maƙwabta suka ɗauka sikila aka ce.

Ra’ayin da nake son kafawa a wannan rubutu shi ne, wani kaso na waɗannan shekaru huɗu da suka salwanta yana wuyanmu, mu masu nazarin Hausa. Cutar ba ta da suna a harshenmu, haka ma fannin jinyar da ya fi taimakon mai ita wajen ci gaba da rayuwarsa. Alamominta kuwa duk suna da kalmomi a bakin Bahaushe, sai dai kowace kalma tana jan mai ita zuwa wata ƙofa daban, babu wadda ke kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa da laka.

Mece ce cutar?

Jijiyoyin da ke ɗauke da saƙo a cikin ƙwaƙwalwa da laka da bayan ido suna lulluɓe da wata riga mai maiƙo, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. A cutar MS garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa wannan riga, ta zaizaye ta a wurare daban-daban, ta bar tabo. Saƙo sai ya riƙa jinkiri a hanya, ko ya katse. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a matsayin cuta mai zaman kanta a birnin Faris a 1868. Ƙididdigar da ƙungiyar masu yaƙi da cutar ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita. Ta fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza aƙalla sau biyu. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu ita suna farawa ne da nau’in da ke tasowa ya lafa, ya sake tasowa bayan watanni ko shekaru. Ba a ɗaukarta ta hanyar cuɗanya. Wani babban bincike da aka buga a 2022, wanda ya bi bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, ya nuna alaƙa mai ƙarfi tsakaninta da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Ƙarancin sinadarin bitamin D da shan taba su ma suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinta.

Har yau babu maganin da ke tumɓuke ta, amma tun 1993 aka fara samun magungunan da ke rage yawan tasowarta da jinkirta naƙasa, kuma sun fi amfani idan an fara su da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ne ya sa shekarun farko suke da tsada.

Alamomin farko a bakin Bahaushe

Alama ta farko ita ce ta ido: gani ya dusashe a ido ɗaya cikin kwanaki kaɗan, da zafi idan an motsa shi, launuka musamman ja su koɗe. Wani kuma gani biyu-biyu yake yi. Ta biyu ita ce sagewa ko jin kamar kiyashi na tafiya a hannu ko ƙafa, wani lokaci ya hau har ƙugu kamar an ɗaure mutum da ɗamara. Ta uku mutuwar ƙafa, ta riƙa jan ƙasa, mutum ya yi ta tuntuɓe a kan kunya. Ta huɗu jiri da tangaɗi. Ta biyar matsuwar fitsari ko kasa riƙe shi. Ta shida wata irin gajiya da ba ta yi daidai da aikin da aka yi ba, wadda barci ba ya kore ta. Akwai kuma alamar da ake dangantawa da likita Jean Lhermitte: idan mutum ya sunkuyar da kai sai ya ji wani abu ya tsarga masa daga wuya zuwa gadon baya. ’Yar’uwata ta siffanta shi da cewa kamar minjirya ta ja ta, kuma a ruku’u ta fi jin sa. Ban ga wani littafin likitanci da ya fi ta iya faɗa ba.

Ka’idar da likitoci ke bi wajen tabbatar da cutar ita ce a ga ta taɓa wurare fiye da ɗaya a lokuta fiye da ɗaya, kowace tasowa kuma ta wuce sa’a 24 ba tare da zazzaɓi ba. Ke nan labarin mara lafiya shi ne ginshiƙi, hoton na’urar MRI da gwajin ruwan laka suna biyo baya ne. A nan matsalarmu take. Dishi-dishi yakan kai mutum wurin mai maganin ido. Sagewa da tsamin jiki sukan shiga babin sanyi. Jiri akan ce ƙarancin jini ne ko hawansa. Kasala a jikin matar aure ’yar shekara 28 sau da yawa lalaci ake kiranta, ko a ce kishi ne ke cin ta. Matsalar fitsari kunya ke binne ta. Ciwon da ke zuwa ya tafi da kansa kuwa, a tunanin jama’a, shi ne ainihin siffar taɓin iska. Saboda haka babu wanda zai gaya wa ma’aikacin lafiya mai duba ƙafa cewa bara ido ya yi ciwo, domin a ganin kowa ido daban, ƙafa daban.

Wannan yanki ba baƙo ba ne ga irin wannan nazari. A ƙasar Malumfashi Murray Last ya zauna, kuma daga abin da ya gani ya rubuta maƙalarsa ta 1981 a kan muhimmancin fahimtar rashin sani a harkar magani, inda ya nuna cewa mutane kan bi hanyoyin magani iri-iri ba tare da sun damu da tsararren bayanin cutar ba. A nan ne kuma aka gudanar da shirin binciken cututtukan da suka zama ’yan gida a shekarun 1970, da haɗin gwiwar Jami’ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful. Littafin Lewis Wall na 1988 a kan maganin Hausawa shi ma ya yi bayanin yadda Bahaushe ke karkasa cututtuka. An daɗe ana nazarin yadda muke magana a kan ciwo. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan sani ya amfani masu maganar.

Sanyi, jego da ruwan zafi

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda kalma ke iya cutarwa. Tun 1890 likitan ido Wilhelm Uhthoff ya lura cewa ganin masu wannan cuta yakan ƙara dusashewa idan sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumamar jiki ce sanadi: jijiyar da rigarta ta zaizaye ba ta iya isar da saƙo idan zafi ya ƙaru ko da kaɗan ne. Kafin zuwan MRI har gwajin wanka da ruwan zafi likitoci suka riƙa yi don gano cutar. Zafin ba ya ƙara tabo, amma yana tayar da alamomi na ɗan lokaci, yana iya kayar da mutum.

To, a dubi rayuwar mace a Kafur ko Ɗanja. Bazara daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai ma’auni 40. Tana tsugune gaban murhu, ko tana suyar ƙuli-ƙuli. In ta haihu ga wankan jego na kwana 40 da tafasasshen ruwa. Binciken da aka buga a 1998 a kan mata masu MS a ƙasashen Turai ya nuna cutar takan lafa a ƙarshen goyon ciki, ta kuma fi tasowa a watanni uku na farko bayan haihuwa. Wato lokacin da cutar ta fi son bayyana shi ne lokacin da al’ada ta fi dumama jikin mace. Idan ƙafa ta mutu a wannan lokaci, hukuncin gida shi ne sanyi ya shige ta, maganin sanyi kuwa ƙarin zafi. Likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun riga sun nuna a shekarun 1970 alaƙar al’adun jego da kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego a wannan shiyya. Ba ina kiran a yi watsi da jego ba ne. Ina cewa jimla ɗaya tak, “in gashi yana ƙara kashe ƙafa, a daina, a tafi asibiti”, da ta shiga bakin ungozomomi da tsofaffin gida, da ta rage wa wasu mata shekaru na wahala.

Jinyar komawa hidima

Bayan an tabbatar da cutar ’yar’uwata, abin da ya fi sauya rayuwarta shi ne zama uku da ta yi da wata jami’ar fannin da ake kira okufeshinal tarafi. Tambayarta ta farko ita ce: “Baiwar Allah, ki ba ni labarin ranarki tun daga kiran assalatu har ki kwanta.” Daga amsar ta fitar da jinyar.

Wannan fanni ya kafu a matsayin sana’a a Amurka a 1917, ƙungiyarsa ta duniya ta kafu a 1952, a Nijeriya kuma hukumar da aka kafa da doka a 1988 ce ke yi wa masu shi rajista tare da likitocin gashi. Likitan gashi yana aiki ne a kan gaɓa da ƙarfinta da tafiyar mutum. Shi kuwa wannan jami’i yana duban aikin da mutum ke bukatar yi, ya gyara yadda ake yin sa, ko kayan yin sa, ko wurin yin sa.

Abu na farko da aka koya mata shi ne tattalin ƙarfi. An ce ta ɗauki ƙarfinta na yini kamar hatsin rumbu: a auna, a fara da abin da ya zama dole, a huta tun kafin gajiya ta zo. Aiki mai nauyi ya koma sanyin safiya, tsakar rana ta zama ta hutu a inuwa da ruwan randa da jiƙaƙƙen mayafi a wuya. Daka ya koma inji. Aka ɗaga murhu a kan dakali, aka yi mata kujera mai tsayi da majingina, ta daina tsugunno. Aka naɗa robar tayar keke a ƙotar muciya da wuƙa da ludayi don su cika hannun da ya sage. Aka rage dokin ƙofa, aka kafa sanda a bangon banɗaki, kafinta ya yi kujera mai rami a kan masai. Alwala ta koma a zaune, salla ma a zaune ranar da ƙafa ta ƙi, abin da shari’a ta riga ta sauƙaƙa. Saboda tafin ƙafa ba ya jin ƙaya ko garwashi, aka ce kada ta taka ƙasa babu takalmi mai maɗauri, ta kuma riƙa gwada zafin ruwa da hannun da ke da lafiya. Suyar ƙuli-ƙuli ta bar wa ƙanwar mijinta, ita ta riƙe gyaran gyaɗa da ƙulli da lissafin ciniki. Jarinta bai mutu ba.

Ga manomi namiji ka’idar ɗaya ce: ƙota mai tsawo a fartanya don rage sunkuyo, fita gona da asuba a dawo da hantsi, malfa da gorar ruwa, amalanke ko baro a maimakon ɗaukar dami a ka, raba tsinkar auduga zuwa kwanaki. Dukkan waɗannan maƙeri da kafinta da magini na Funtua za su iya yi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai sanin da zai tsara su, domin masu wannan fanni kaɗan ne a ƙasar nan, mafi yawansu kuma suna manyan asibitocin birane. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: jinyar tana tsayuwa ne a kan bayanin da mara lafiya ya yi da bakinsa, kuma da Hausa zai yi shi.

Batun suna

Tarihin sunayen cututtuka a Hausa ya nuna cewa suna yana ɗauke da hukunci. “Shan inna” ya danganta cutar foliyo da iska, kuma an ga yadda wannan fahimta ta shiga cikin taƙaddamar rigakafi a Arewa. “Ƙanjamau” ya siffanta ramewa, ya kuma jawo ƙyama, har masu wayar da kai suka koma cewa cuta mai karya garkuwar jiki. “Yoyon fitsari” kuwa ya faɗi alamar kai tsaye ba tare da ɗora laifi a kan kowa ba, mace tana jin sa a rediyo ta gane kanta, ta nufi Babbar Ruga a Katsina. Irin wannan suna na uku muke bukata.

Ina ba da shawarar “ciwon zaizayar jijiya”. Manomi ya san zaizaya a gonarsa: tana ci a hankali, tana ƙaruwa da kowace damina, ana kuma iya tare ta in an farga da wuri. Raunin wannan suna a fili yake, domin “jijiya” a Hausa ta haɗa hanyar jini da agara da mai ɗaukar saƙo, har da saiwar itace. Ana iya cewa “zaizayar rigar laka” don a kauce wa haka, sai dai ya fi nauyi a baki. Shi kuma fannin jinyar, fassara shi kalma da kalma zuwa “maganin sana’a” kuskure ne babba, don Bahaushe zai ji laƙanin kasuwa. “Jinyar komawa hidima” ta fi kusa da ma’ana, tunda hidima ta ƙunshi girki da noma da ibada da tsaftar jiki. Ba ni da ikon yanke hukunci. Aikin na taron masana ne, kamar yadda aka yi har aka samar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami’ar Bayero na 2006. Sharaɗina ɗaya ne: a gwada kowace kalma a kasuwar Funtua da tsakar gidajen Malumfashi kafin a buga ta, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na Shika da Kano su zauna a teburin.

Ƙorafi biyu

Wani zai ce cutar ta Turawa ce, ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa da rashin tsaro a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, me zai sa a ɓata lokaci? Gaskiya ne ta fi yawa a ƙasashe masu nisa daga tsakiyar duniya, kuma ba na da’awar cewa ta zama annoba a nan. Sai dai ana ƙirga cuta ne a inda ake da na’urar gano ta. Bayan haka, alamomin da na lissafa ba na MS kaɗai ba ne. Su ne alamomin wata ’yar’uwarta mai kama jijiyar ido da laka, wadda Devic ya siffanta a 1894, wadda ta fi tsanani kuma ake yawan samu a tsakanin baƙar fata. Suna kuma iya zama alamun tarin fuka na ƙashin baya, ko ƙarancin bitamin B12, ko lalacewar jijiya ta ciwon suga, ko irin tangaɗin da Farfesa Osuntokun ya danganta da gubar rogo a kudu maso yamma. Wasu daga cikinsu suna warkewa sarai in an kama su da wuri. Kujerar masai da ƙotar da aka naɗa wa roba kuwa suna amfanar mai shanyewar ɓarin jiki da tsoho da wanda harbi ya naƙasa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a wurina: idan aka yaɗa sunan, duk wanda ƙafarsa ta sage zai ɗauka ya kamu, ga tsadar MRI, ga magungunan da suka fi ƙarfin manomi. Wannan haɗari ne na gaske. Maganinsa shi ne saƙon ya zama mai iyaka: alamar da ta wuce yini guda, a jikin matashi, musamman in an taɓa yin wata a wani sashe na jiki, ita ce ke bukatar likita. Ko da maganin bai samu ba, sanin gaskiya yana tsayar da sayar da awaki don neman karya sammu, yana wanke kishiya ko maƙwabciya daga zargi, yana kuma buɗe ƙofar jinyar da kuɗinta bai wuce na kafinta ba. Addu’a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, asibiti ma ba ya hana su.

Kammalawa

Abin da nake roƙon sassan Hausa na jami’o’inmu abu uku ne. A tura ɗaliban digiri na biyu su tattaro kalmomin da marasa lafiya ke siffanta sagewa da jiri da dusashewar gani da su, gari-gari, domin karin harshen Katsina ta kudu yana da nasa. A zauna da likitoci a tsayar da sunaye. Sannan a rubuta gajeren jagora da boko da ajami don ma’aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi, wanda zai ƙunshi tambayar da babu wanda ya yi wa ’yar’uwata cikin shekara huɗu: “Kafin wannan, wani wuri ya taɓa yi miki haka ya warke da kansa?” Ranar 30 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar MS ta duniya, 27 ga Oktoba kuma ta wannan fanni na jinya. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙi a takarda. Ya dace kafin waɗannan ranaku su sake zagayowa a ce gidajen rediyon Katsina da Kaduna suna da kalmar da za su faɗa, wadda mace a ƙauyen Bakori za ta ji ta ce da ita ake.